Daga Ƙwarya Zuwa Kwalba: Tarihin Abin Shan Zango da Abin da Ke Fasa Marfi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, ya haramta mana masu cutarwa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa mazauna zangunan ƙasar Gana, daga Kumasi zuwa Ankara, daga Tamale zuwa Takoradi, kowa ya san sunan da maƙwabtanmu suka laƙaba wa lamurje a Turance, wanda ma'anarsa ita ce giyar Hausawa. Suna ne na raha, mu ma mukan yi dariya in mun ji shi, domin citta ce da tsamiya da kanumfari da sukari, babu abin maye a ciki ranar da aka haɗa shi. Sai dai tun lokacin da muka fara ɗura shi a kwalba muna rufewa, lamurje da soborodo da kunu sun sami hanyar da za su iya cika wannan suna ba tare da sanin mai su ba. Duk uwar da ke wannan sana'a ta taɓa wayar gari ta tarar da gorar roba ta kumbura ta yi tauri, ko marfi ya yi tsalle ya bar kumfa a ƙasa, ko kwalba ta tarwatse cikin dare. Wannan matsala ce da masu dafa giya suka sha fama da ita shekaru aru-aru, mu kuwa mun gaje ta ranar da muka ari mazubinsu. Ga yadda abin ya faro.

Zamanin ƙwarya da faifai

Kakanninmu fatake da suka riƙa bin hanyar Gwanja neman goro sukan yi watanni a hanya, daga Kano ko Katsina, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta Yandi har Salaga. Ba su ɗauki abin sha a jiƙe ba. Guzurinsu garin gero ne da tsamiya da busasshiyar citta da barkono, ruwa kuma yana cikin salka ko gora. In an sauka a zango sai a dama a sha, a wanke ƙwarya a kife. Da yaƙin basasar Salaga na shekarar 1892 ya watsa kasuwar, jama'a suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da sauran garuruwa, bayan Turawa sun shiga Kumasi a 1896 kuma zangon can ya bunƙasa, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango a Ankara a farkon ƙarnin da ya wuce. Duk inda aka je, mata sun tafi da sana'arsu ta koko da fura da kunu da lamurje, har kokonmu ya zama karin kumallon ƙasar baki ɗaya, ana kiransa da sunanmu.

Kayan aikin wannan zamani kaɗan ne: turmi, dutsen niƙa, rariya, tukunya, tulu, ƙwarya, ludayi da faifai. Tulun ƙasa yana tsatsafo, iska na bugun jikinsa, abin da ke ciki ya yi sanyi. Faifai yana kare ƙuda da ƙura, amma ba ya toshe numfashin abin da ya rufe. Mai talla tana fita da safe ko da la'asar, kafin dare ta sayar, abin da ya rage a ba yara da almajirai. In kunu ya kwana ya yi tsami, hanci ne zai fara ba da labari tun kafin a kai ludayi baki. Ƙa'idar da ba a rubuta ba ita ce abin sha na yininsa ne, kuma mazubinsa a buɗe yake, kowa na ganin halin da yake ciki.

Abin da littattafanmu suka ce game da mazubi

Wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, zai tuna cewa a cikinta an hana jiƙa nabizu a cikin duma da kuma mazubin da aka shafe da ƙwalta. Nabizu shi ne ruwan da aka jiƙa dabino ko zabibi a ciki don ya yi zaƙi, ɗan'uwan lamurjenmu ke nan. Asalin maganar tana cikin hadisin tawagar Abdul Ƙais da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda aka hana su mazubai huɗu: duma, da koren tulu mai sulɓi, da kututturen dabino da aka rarake, da wanda aka shafe da ƙwalta. Malamai sun bayyana dalili. Waɗannan mazubai suna gaggauta juyewar abin da ke cikinsu, kuma suna ɓoye juyewar, har mutum ya sha abin maye yana zaton halal yake sha. Salkar fata kuwa an bar ta, saboda in abin ya yi ƙarfi takan kumbura ko ta tsage, ta tona asirinsa.

Daga baya an sami sassauci a hadisin Buraida da ke cikin Muslim, aka halatta kowane mazubi da sharaɗin kada a sha abin da ke bugarwa, amma Imamu Malik ya ci gaba da ƙin duma da mai ƙwalta don toshe kafa. A cikin Muslim ɗin dai, Ibn Abbas ya ba da labarin cewa nabizun da ake jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya wuce kwana uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar. Ashe tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce an ɗora mana ma'auni biyu, mazubi da lokaci. Su ne kuwa abubuwa biyun da kwalba ta zo ta sauya.

Darasi daga maƙwabta

Muna zaune da Dagati da Farafara da sauran mutanen arewa waɗanda matansu ke dafa fito, wanda a nan aka fi sani da pito, daga dawar da aka tsirar. Ba abin shanmu ba ne, addini ya raba mu da shi, amma zaman tare ya sa mun ga yadda suke tafiyar da shi. Har yau a ƙwarya ake sayar da shi, a gidan da aka dafa, cikin kwana ɗaya ko biyu, domin yana ci gaba da tafasa da kansa ko da an sauke shi daga wuta, bayan haka kuma sai ya yi tsami ya lalace. In za a kai shi wurin makoki ko kasuwa a jarka, ba a ɗaure marfin tamau, ana barin kafa, kumfa na tsiyaya a gefe. Masu dafa shi sun daɗe da sanin cewa abu mai rai ba a kulle shi. Sana'ar da ta girmi zuwan Turawa da nisa ta kasa shiga kwalba a cikin gida, ga dalilin a fili, amma mu da muka ɗauka namu abin shan ba shi da alaƙa da nasu, sai muka rufe shi ruf.

Yadda kwalba ta iso

Kwalba ta shigo wannan ƙasa ne ta bakin teku, galibinta ɗauke da barasar Holan da ta Jamus. Yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Brussels a 1890 ta ba da damar hana shigar da barasa wasu yankuna, aka kuwa hana kai ta arewacin wannan ƙasa da arewacin Nijeriya. Amma kwalbar da aka shanye ba ta da shamaki. Ta zama haja mai daraja a kasuwa, ana zuba man gyaɗa da manja da zuma da kananzir da magani, har ta zama ma'auni, ana cewa kwalbar mai kaza ce. Abin toshiya kuwa sai abin da hannu ya samu: totuwar masara, tsumma, nannaɗaɗɗiyar takarda, ko guntun itace. Irin wannan toshiya ba ta riƙe iska, shi ya sa a wancan lokaci ba a cika jin fashewa ba, sai dai yoyo da tururuwa.

Su kansu Turawan ba su sami kan abin da sauƙi ba. A yankin Shamfen na Faransa, inda ake yin giyar inabi mai kumfa, kwalabe sun riƙa fashewa a rumbunan ƙarƙashin ƙasa, ɗaya ta tashi ta tayar da na kusa da ita, har ma'aikata suka riƙa sa abin kare fuska na ƙarfe kafin su shiga. Sai a wajen 1836 wani mai haɗa magunguna da ake kira François ya fito da hanyar auna sukarin da ya rage kafin a rufe kwalba. Bayansa Louis Pasteur ya tabbatar da cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin sukari su juya shi, kuma zafi madaidaici yana kashe su. A 1872 Hiram Codd na Ingila ya ƙera kwalbar lemo mai ƙwallon gilashi a wuya, wadda iskar ciki ke tura ƙwallon ya toshe baki. A 1892, shekarar da Salaga ta watse, William Painter na Baltimore a Amurka ya yi rajistar marfin ƙarfe mai haƙora, wanda muke ɓallewa a kan kwalbar lemo har gobe. A 1903 Michael Owens ya fito da injin da ke busa kwalba da kansa, kwalba ta yi araha, girmanta da kaurinta suka daidaita.

Wannan ilmi ya sauka a Ankara a 1931, lokacin da aka kafa kamfanin giya na Adabraka, na farko a ƙasar. A zamanin Kwame Nkrumah kuma aka gina masana'antar gilashi a Aboso kusa da Tarkwa, wadda daga baya ta durƙushe. Abin lura shi ne masana'anta ba ta dogara da kwalba kaɗai ba. Tana tace abin sha, tana wanke kwalba da ruwan zafi da sinadari, tana da injin matse marfi, tana gasa abin da ta ɗura a zafin da ya kai wajen digiri 60 don kashe abin da ke da rai a ciki, kwalbar kuma an yi ta da kaurin da zai ɗauki matsin iska. Daga cikin waɗannan biyar, ɗaya ce tak ta shigo gidajenmu, ita ce kwalbar, ita ma bayan wani ya gama da ita.

Lissafin da ke cikin kwalba

Yana da kyau mu san abin da ke faruwa bayan an rufe marfi. Ƙwayoyin yisti suna ko'ina, a jikin citta, a ɓawon abarba, a kan gero, a tsumman tata, a hannun mai aiki. In sun sami sukari da ɗumi sai su raba shi kusan gida biyu, rabi barasa, rabi iska. A ƙwarya iskar tana fita ta tafi. A kwalba ba ta da wurin zuwa. Masu wannan fanni sun auna cewa giram 4 na sukari a lita ɗaya, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, in ya juye duka yana ƙara matsi daidai da nauyin iskar sararin da muke ciki. Masu Shamfen giram 24 suke sawa, su sami ninki shida, wanda ya kusa ninka iskar tayar ƙaramar mota sau uku, shi ya sa kwalbarsu take da kauri da nauyi, marfinta kuma a ɗaure da waya. To, soborodon da ya ji sukari kamar lemon kwalba yana ɗauke da wajen giram 100 a lita. Ko kashi ɗaya cikin huɗu ne ya juye, ya isa ya tarwatsa kwalbar da ba a yi ta don haka ba.

Ɗaya rabin lissafin shi ya fi shafarmu. Kowane giram 17 na sukari da ya juye a lita yana barin barasa kimanin kashi 1 cikin 100. Saboda haka gorar da ta kumbura shaida ce cewa juyewa ta fara, kuma iskar da ta yi tsaki sa'ad da aka murɗe marfi tana da abokiyar tafiya da ta rage a ciki. Ba kowace kumbura ce ta kai haddin maye ba, hukuncin wannan na malamai ne. Amma mun san ƙa'idar da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗan ɗinsa ma haramun ne, kuma mai azumin da ya sayi gora a bakin masallaci bai zo da ma'auni a aljihu ba, amanar mai sayarwa ya dogara da ita.

Firji, leda da roba

Madatsar ruwa ta Akosombo da aka kammala a 1965 ta kawo lantarki, sannu a hankali firji ya shiga gidajen zango, ya buɗe wa mata sabuwar kasuwa. Sanyi yana sa yisti barci, sai abin sha ya kwana biyu ko uku bai sauya ba. Aka fara ƙulla lamurje da soborodo a leda, ana daskarar da su, yara na yawo da su a cikin kula. Gorar roba mara nauyi, wadda Nathaniel Wyeth ya yi wa rajista a Amurka a 1973, ta yawaita a nan tare da kamfanonin ruwan sha, mata suka koma sayen wadda aka shanye suna sake cikawa. Burkina, haɗin gero da nono da ya samo sunansa daga maƙwabciyarmu ta arewa, a cikin wannan gora ya yi tashe a titunan Ankara da Kumasi. Da wannan sana'a zawarawa da yawa suka biya kuɗin makaranta da na haya, ba abin rainawa ba ce.

Amma sanyi barci yake sawa, ba ya kashewa, kuma lantarkinmu ya daɗe yana hannun ruwan sama. An ga haka a farin 1983, aka sake gani a 1998 da 2007, sannan shekarun dumso, musamman 2014 da 2015, lokacin da unguwa kan yini ta kwana babu wuta. Firjin da ya mutu da dare ya dawo da asuba yakan mayar da gora ta yi sanyi kamar ba abin da ya faru, alhali cikinta ya riga ya motsa. Wannan shi ne ainihin abin da aka ji wa tsoro game da duma da mai ƙwalta, mazubin da ke ɓoye halin abin da ke cikinsa.

Sauran kayan aikin ma kowanne da nasa aibin. Kwalbar gilashi mai ɓantararren baki ba ta kama marfi, kuma tana iya sakin ɓarɓashi a ciki. Marfin ƙarfe sau ɗaya ake amfani da shi, wanda aka ɓalle aka mayar da bugun dutse yoyo zai yi. Gilashin da aka cika fal aka sa a gidan ƙanƙara fashewa yake, domin ruwa yana ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare. Gorar roba ba ta jure tafasasshen ruwa, tun daga wajen digiri 70 take fara lanƙwashewa, don haka ba a iya dafa ta a kashe ƙwayoyin cuta, kuma wuyanta ƙunci ne da shi, hannu ba ya shiga. Mazurari da tiyo da bokitin da ya karce da tsumman tata da ba ya bushewa, duk maɓoya ce ta tsohon yisti, shi ya sa wata za ta ga kullum nata ne ke saurin lalacewa alhali haɗinsu ɗaya da maƙwabciyarta. Mafi muni shi ne gorar da ba a san tarihinta ba, wadda aka tsinto a wurin makoki ko tasha ko bola. Wa ya san ko kananzir ta ɗauka, ko maganin feshi, ko barasar gida, ko bakin majinyaci ne ya rabu da ita? Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Halil, sun bambanta tsakanin mazubin da najasa ke ratsa jikinsa, irin tukunyar ƙasa, da wanda wanki ke tsarkake shi. Mu kuma mun ga annobar kwalara ta 2014, wadda ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 200, akasari a unguwannin da suka fi cunkoso irin namu. Ruwa da ƙanƙara da hannu da mazubi su ne hanyoyinta.

Abin da ya rage gare mu

Hukuma ta yi nata tanadi. Dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora wa hukumar kula da abinci da magunguna alhakin sa ido kan duk abin ci da sha da ake sayarwa, majalisun gundumomi kuma suna neman takardar gwajin lafiya daga masu sayar da abinci. Amma jami'i ba zai kwana a madafar kowa ba, kuma abin da aka sayar da sunan Hausawa, in ya cutar, sunan ne zai ɗauki laifin.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu masu wannan sana'a, maganin yana cikin abin da kuka gada. A haɗa daidai abin da za a sayar a yini ko kwana biyu. A tafasa abin da ke tafasuwa, a sa citta da abarba tun tukunya na kan wuta, kada a zuba ɗanyensu bayan an sauke. A sayi sabuwar gora mai marfin da ba a taɓa karya zobensa ba, ko da za a ƙara kuɗin a kan farashi, mata biyar ko goma kuma suna iya haɗa kuɗi su saro da yawa ya zo musu da sauƙi. A bar sarari a wuyan gora. A wanke mazurari da rariya da tsumma da ruwan zafi, a shanya su a rana. A rubuta ranar haɗi a jikin gora. In wuta ta ɗauke dare guda, a matsa gora a gani, wadda ta yi tauri ko ta yi tsaki a zubar da ita, hasarar sidi kaɗan ta fi ɗaukar alhakin mai azumi ko ɗan wani. Mu masu saye kuma mu daina neman mai araha ko ta halin ƙaƙa, domin araha ba ta ado, kuma mu ne ke tura mai sana'a zuwa bola neman gora. Sarakunan zango da limamai da shugabannin mata su sa wannan magana cikin abin da ake tunatarwa kafin Ramadan, lokacin da ciniki ya fi yawa, gorori suka fi daɗewa a ajiye.

Allah ya sa albarka a sana'ar iyayenmu, ya tsare mana abin da muke ci da sha daga haram da cuta, ya jiƙan magabatan da suka kafa mana waɗannan zanguna. Wanda ya san wani abu daga tsofaffin gidansu game da yadda ake adana lamurje ko kunu a da, muna roƙon ya ƙara mana, domin ilmi ba ya taruwa a kai ɗaya.